Faifan da Aka Kai Safana

Batsari,
Litinin, 15 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Alhaji Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya aka sha ruwa, yaya aka yi Sallah, yaya kuma zafin nan? Na ji an ce ƙafa tana damunka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Na san sai ka juya takardar nan ka duba sunan da ke ƙasa kafin ka karanta. To, ni ne, Abdurrahim. A watan Yuni mai zuwa shekara talatin ke nan cif da ka sa hannu a takardar da ta raba na'urarmu gida biyu, kuma tun daga ranar ban sake yi maka magana ba. Hannun da na ba ka a wata jana'iza a Katsina don idon mutane na ba ka, kada ka lissafa shi.

Zan tuna maka yadda aka yi. Na san ba ka manta ba, amma in idonka ya yi rauni ka ba wani cikin 'ya'yanka ya karanta maka, ina so ya san abin da ubansa ya yi. Mu biyu aka ɗauko daga Zariya a 1986 aka sa mu a Shirin Auna Gonaki, ni a kan na'ura, kai a kan takardun ma'auna. Shekara takwas ma'auna suna yawo da sarƙa da kamfas daga Karare har Tsaskiya, suna auna gonar kowa, mu kuma muna zubawa a kwamfuta. Ba irin ta yanzu da ake ratayawa a jaka ba. Tamu tsayinta ya kai kabad, ga injinan faifai guda biyu a gefenta, kowanne kamar durom.

Da aka rufe shirin a 1994, an riga an sallame ni da wata uku. Kwamitinku ya zauna ya raba kaya tsakanin ofishin Batsari da na Safana kamar masu rabon gado. Kujera shida nan, shida can. Babur ɗaya nan, ɗaya can. Da kuka zo kan na'ura kuka ga injin faifai biyu, damin faifai biyu, kwantirola biyu, sai kuka yi hamdala, wai ta rabu daidai ba wanda aka ƙwara. Sauran 'yan kwamiti ban riƙe su ba, don ba za su bambance kwantirola da marfin tukunya ba. Amma kai ka sani. Ka san sunayen manoma suna kan faifai ɗaya, awo da iyakokin gonakinsu suna kan ɗayan, kuma kowanne ba ya da amfani sai da ɗan'uwansa. Ka sa hannu, aka ba ka kujera a Katsina. Ni na koma gyaran rediyo da fitilar sola a bakin kasuwa, takardar shaidar da na yo a Ingila tana ƙasan akwati tana jin ƙamshin kafur.

Ba don wannan na rubuto ba. Ka tuna ƙanwata Hansai, wadda take aiko mana da dambu ofis? 'Yan bindiga sun kashe mijinta shekara huɗu da suka wuce, ranar da suka tashi ƙauyenmu, Rafin Gawo, gaba da Karare. Tun lokacin tana gidana da jikokinta marayu uku. Bana mutane sun fara komawa, ita ma ta je ta duba gonakin da mahaifinmu ya bari, waɗanda na bar mata kasona a ciki tun da daɗewa. Guda biyu ne, ta tudu da ta kwari. Ta tudu yashi ce, ko ƙuda ba ta ƙosarwa. Ta kwarin ita ce abincin gidan. Ta tarar Tayyib, dillalin shanun nan, ya riga ya zuba mata taki. Cewa ya yi ta ubansa ce, aro aka ba ubanmu, kuma aro ya ƙare.

Gambar da ke kan iyaka ta ƙone. Marken da kowa ya sani 'yan gawayi sun sare shi har saiwa. Tsofaffin da za su yi shaida su uku ne, biyu an kashe su, na ukun ya rasu a nan Batsari yana gudun hijira. Takardun ma'auna kuwa ka fi ni sanin inda suka tafi, rabi gara ta ci, rabi masu tsire sun naɗe nama da su. Dattawan gari sun ce za su zauna ranar Alhamis, goma sha shida ga Mayu, kafin ruwa ya sauka, kowa ya zo da hujjarsa.

Hujjar Hansai tana ɗakin marigayiya matata. Lokacin da za a kwashe rufin tsohon ofis aka ce in ɗauke tarkacena, na ɗauko rabin na'urar da ya faɗo wa Batsari a amalanke. Na toshe tagogin ɗakin, ina goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, sau biyu a shekara ina aron janareta in kunna na'urar. Maƙwabta suna cewa Malam ya tashi aljanarsa. Har yau tana tashi. Abin da nake nema shi ne rabin Safana. Ka gaya mini hannun wa kuka danƙa shi, kuma ka rubuto 'yar takarda da sunanka, tunda sunanka har yanzu yana buɗe ƙofa, nawa ko ta bayan gida ba ya buɗewa.

Kada ka kira ni a waya. Ka ba da amsa a hannun direban da ya kawo wannan takarda, yana juyowa kullum bayan azahar.

Ka gaishe da iyali. Wassalam.

Abdurrahim Batsari


Batsari,
Litinin, 29 ga Afrilu, 2024.

Alhaji Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yaya iyali, yaya fama da rana? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Hansai ta ce in gaishe ka, har ta tambaya ko har yanzu kana tsince yajin dambu gefe guda.

Amsarka ta zo, da takardar da na roƙa, na gode. Ban zaci za ta zo da wuri haka ba. Amma ba ka iya bari ba sai da ka soka mini tambaya a ƙarshe: wai wa ya raba sunaye da awo tun farko, kuma ina tef ɗin da ake kwafe komai a kai duk wata? Zan amsa ta farko, don ba abin kunya ba ne.

Ni na raba su, kuma ka san dalili. Injiniyan kamfanin da ya kafa na'urar ya rataya injinan faifai biyu a kan kwantirola ɗaya, ya bar ɗayar tana zaune wai ta jiran ko-ta-kwana. Kwantirola ita ce ƙofar da bayani yake bi tsakanin faifai da ƙwaƙwalwar na'ura. Injin biyu a ƙofa ɗaya kamar mata biyu ne a bakin rijiya da guga ɗaya, in wannan tana ja, waccan sai ta riƙe ƙugu. Kuma komai a kan faifai ɗaya yake, na biyun kwafi kawai ake zuba masa. In ka nemi manomi, allurar da ke karanta faifan ta tafi can bakinsa ta nemo sunansa, ta dawo ciki ta nemo awonsa, ta sake komawa. Ka manta muna fara buga rajistar ƙauye ɗaya da hantsi, a yi la'asar ba ta gama ba? Ka manta dagatai suna zaune a kan benci da sandunansu, suna cewa da malamin da ke rubutu da alƙalami aka ba aikin da tuni sun isa gida?

Wata biyu na yi ina auna ta da agogon hannu. Na cire injin na biyu na ba shi tasa kwantirolar. Na bar sunaye a na farko, na kwashe awo da iyakoki na kai na biyu, yadda allurai biyu za su riƙa tafiya lokaci guda, wannan tana neman suna, waccan ta riga ta kama hanyar awo. Abin da aka fi nema na jera shi a tsakiyar faifai don tafiyar allura ta ragu. Aikin awa tara ya dawo ƙasa da uku. Har daga Kaduna aka zo kallo. Kai kaɗai ka tsaya a bakin ƙofa kana cewa na yanka saniyar tatsa don in yi wa baƙi miya, wai faifan kwafi ba na gudu ba ne. Na ce maka tef zai riƙe kwafi. Maganar tef kuma mu bar ta tukuna.

Na je Safana ranar Laraba. Direbobi ba su bin hanyar da muka sani, zagaye muka yi, kuma duk inda aka ga babura sun yi yawa sai motar ta yi tsit. Garuruwan da muka auna, Uwaisu, wasu ko kaza babu.

Na sami Mamman mai sito, kamar yadda ka ce. Ya yi ritaya tuni, amma wanda ya gaje shi ya ce shi bai karɓi wannan ɗakin ba, don haka mabuɗin yana aljihun tsoho har yau. Da ya ga sa hannunka sai da ya miƙe tsaye. Ya ce shekara talatin yana jiran wanda zai zo ya tambayi amanar nan, har 'ya'yansa suna yi masa tsiya wai yana gadin gawa.

Injin faifan ya mutu. Rufi ya yi yoyo a kansa, ɓeraye sun yi gida a ciki. Kwantirola tana nan cikin leda, amma ba ta da abin da za ta ja. Damin faifan kuwa Mamman ya ɗauke shi daga sito tun shekarar farko, ya kai shi ɗakinsa, ya ɗora a kan kabad ya rufe da darduma. Da ya sauko da shi na ga murfin robar yana ƙyalli, faranti goma a jere a kan sandarsu ba ko tsatsa, sai da idona ya kawo ruwa. Sannan na ji wari.

Na tambaye shi. Ya washe baki ya ce ai shi ba a ba shi ƙarfe ya bari ya yi tsatsa. Duk shekara in damina ta kusa, ranar da yake shafa wa garmunan sito da sikeli mai, sai ya kwance murfin, ya naɗa tsumma a tsinke, ya bi tsakanin farantan da kananzir, ya bi da man keken ɗinki. Sau talatin, bai taɓa tsallake shekara ba, har shekarar da aka yi masa aikin ido. Yana faɗa yana kallona, yana jiran in sa masa albarka.

Na sa masa. Me zan ce? Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa allurar nan ba ta taɓa faifai, iska ce ke ɗauke da ita a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, kuma ko hayaƙin taba yana iya kashe ta. Kun ba shi a rubuce cewa kayan ƙarfe ne guda ɗaya, ya kula da shi, ya kuwa kula.

Na rungumo shi a cinya cikin bargo har Batsari. Na samo sifirit a kemis, ina bin farantan ɗaya bayan ɗaya. In na ɗaga su a rana ina ganin zane-zane sirara inda tsinken ya bi. Ban san zurfinsu ba. Hansai tana leƙowa tana tambaya ko gonar tana ciki, ina ce mata tana ciki.

Ka taya mu da addu'a. Gaisuwa ga mutanen gida.

Abdurrahim


Batsari,
Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kai da iyali. Yaya jikin? An ce an yi yayyafi a wajenku, mu nan sai hadari da iska. Na ga saƙonka cewa kada in sa faifan Safana a injina sai ka nemo wanda zai duba shi a Legas ko waje. Saƙon ya zo ranar Asabar da yamma. Da ya zo da safe ma ban ce zan ji ba.

Ga yadda aka yi. Nasiru mai gidan kallon ƙwallo ya ba ni aron babban janaretansa ranar Asabar, daga safe zuwa la'asar, don da yamma akwai wasa. Shi da kansa ya kawo shi a kura, ya tsaya ya ga abin da ake ta faɗa. Na kunna na'urar da faifan Batsari. Ta yi gurnaninta, ta ɗauka. Na buga sunan ƙauyenmu, na buga sunan mahaifinmu, sai ga shi a gilashi da koren rubutu: Sharhabilu ɗan Mati, Rafin Gawo, gonaki biyu, lamba 2316 da 2317, mallaka ta gado. Na kira Hansai. Ba ta iya boko ba, amma ta sa yatsa a kan gilashin inda na nuna mata, ta ce Baba ke nan, ta fita da sauri.

Ka lura da abin da ke gabana a lokacin. Gonaki biyu, na gado. Ba aro. Tayyib cewa yake ubanmu gona ɗaya gare shi. Wannan layi kaɗai, ko ba awo, ya isa ya sa dattawa su yi tunani biyu. Firinta ta daɗe da mutuwa, amma dattawan sun yarda za su aiko mutum biyu ranar Talata su gani da idonsu. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe na'urar, in rufe ɗakin, in jira Talata.

Nasiru ma ya zaro wayarsa ya ce, Baba Injiniya, bari in ɗauke maka hoton wannan, ko ba komai a samu na nunawa. Na daka masa tsawa. Na ce hujja rabi ba hujja ba ce, ya jira awo ya fito, da tsawo da faɗi da sunan maƙwabta na gabas da yamma, sannan ya ɗauki abin da zai rufe bakin kowa. Na ce masa wannan ba akwatin ƙwallo ba ne. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce Allah ya huci zuciyar Injiniya.

Gaskiyar ita ce so nake a ga ta yi aiki yadda na gina ta. Shekara talatin ana ce mini mai aljana. So nake mutum biyun nan su zo ranar Talata in buga lamba, kafin su gyara zama komai ya fito, kamar yadda mutanen Kaduna suka gani. Injin ɗaya gare ni, to sai in karanto awon daga faifan Safana tun yau in ajiye a ƙwaƙwalwarta in kwafe. Na san dokar, ni nake koya wa mutane ita: faifan da kake shakka ba ya shiga injin da ba ka da kamarsa. Na ce wa kaina karatu ɗaya ne, minti biyu, zai jure.

Na cire na Batsari, na sa na Safana, na danna. Ya ɗauki gudu lafiya. Da allurai suka shiga sai na ji ƙara kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, sannan wari, sannan wata jar ƙura ta taru a bayan murfin. Kafin hannuna ya kai makunni an gama. Jar ƙurar nan ita ce fatar faifan, ita ce awon. Allurai ashirin ne a injin, jere a hannu ɗaya, kowane faranti da biyu, na duba su da tabarau ɗaya bayan ɗaya, bakwai sun narke, sauran sun cika da ƙura. Ba a ƙera irinsu tun kafin a haifi Nasiru. Faifan Batsari yana nan lafiyarsa ƙalau a kan gado, kuma duk ƙasar nan ban san injin da zai karanta shi ba.

Yanzu sauran tambayarka ta tef. Injin tef ya lalace a watan Maris na 1991. Na rubuta a kawo kayan gyara sau biyu, ba a kawo ba. Abin da ya dace shi ne in mayar da faifai na biyu ya koma na kwafi, mu koma awa tara, dagatai su koma benci. Ban iya ba. An riga an san ni da gudun nan, shi kaɗai ne abin da na taɓa yi aka tafa mini. Sai na ci gaba da cika fom duk ƙarshen wata cewa an yi kwafi, ina sa hannu, ina kawo maka kana sa naka a ƙasa. Wata talatin da shida. Tef ɗin da ke jere a kabad, waɗanda ka gani da lambobinsu ranar rabo, babu komai a kansu bayan na Fabrairun 1991, na kafin nan kuma na bi kansu na goge ina gwada injin ko zai tashi.

Ka ce a wasiƙarka ka sa hannu a rabon ne don ka san akwai kwafi a tef, ko an raba faifai ba a yi asara ba. Na karanta wurin nan sau da yawa. Na so in ce ƙarya kake. Shekara talatin ina gaya wa duk wanda ya zauna a bencin shagona cewa wani abokina ya sayar da aikinmu da kujera. Matata ta rasu tana jin haushinka. Ban taɓa gaya mata maganar fom ba.

Ban nemi ka yafe ba tukuna, don ban san da bakin da zan nema ba. Na dai ga ya kamata ka sani kafin ɗayanmu ya mutu.

Hansai ba ta san abin da ƙarar take nufi ba. Ta ji ta daga madafa, ta tambaya, na ce mata na'ura ce take hutawa. Gobe Talata.

Ka gaishe da gida.

Abdurrahim


Batsari,
Litinin, 27 ga Mayu, 2024.

Ɗan'uwana Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gaisuwar girma, ina fatan ƙafa ta lafa, iyali kuma suna lafiya. Yaya ruwa? Mu nan ya sauka daren Juma'a, an yi shuka.

Takardar shaidar da ka rubuto wa dattawa ta iso a kan lokaci, kuma na ga ba ka ambaci fom a ciki ba. Na gode. Na kuma ji abin da ka ce, cewa kai ma da ka sa tef ɗaya a inji ka gwada kafin ka sa hannu da ba a kai nan ba. Kada ka ɗauki wannan kayan, ba naka ba ne.

Mutum biyun sun zo ranar Talata. Na nuna musu kabad na ƙarfe da gilashi baƙi. Ɗayansu ya leƙa bayanta, ya tambaya ko ta nan ake zuba mata mai. Kafin su zo na riga na zaunar da Hansai na gaya mata komai, har hoton da na hana a ɗauka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, Yaya, da ka bar yaron nan ya ɗauka. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis aka zauna. Na faɗi abin da na gani, da lambobin gonakin. Nasiru ya rufe gidan kallonsa ya zo ya yi shaida cewa ya ga koren rubutu, amma da aka tambaye shi me rubutun ya ce, ya yi gaskiya, ya ce bai karanta ba, hankalinsa yana kan janareta. Aka karanta takardarka, aka ce ta tabbatar an yi awo a Rafin Gawo, ba ta faɗi gonar wa ba. Tayyib bai ko ɗaga murya ba. Ya ce yana girmama ilimin Malam, amma Malam wan mai ƙara ne, kuma aljanar da za ta yi shaida an ce ta rasu ranar Asabar, Allah ya ji ƙanta. Aka yi dariya, har da wasu dattawan. Shi ya kawo mutum biyu da suka rantse sun ji daga iyayensu cewa aro ne. Ban ce ƙarya suka yi ba, wataƙila haka suka ji.

Ka ce in aiko maka da faifan Batsari ka nemi masu irin injin a ƙasashen waje. Zan ba direba shi ranar Laraba cikin bargonsa, a riƙe shi a cinya. In an dace wata rana za a sami sunaye. Mamman mai sito ya aiko yana tambaya ko amanarsa ta yi amfani, na ce a gaya masa ta iso lafiya.

Ka gaishe da Hajiya da yara, ka ce ina neman addu'arsu. In Allah ya sa na shigo Katsina zan zo in duba ƙafar.

Dattawa sun ba Tayyib gonar kwari, ya shuka dawa ranar Asabar. Hansai ta koma Rafin Gawo da yaran uku, ta shuka gero a ta tudu. Awon gonaki dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu na ƙauyuka tamanin da uku yana kan faifan Safana, kuma babu kwafinsa a ko'ina.

Naka,
Abdurrahim